Jozefin Baker: ɗiyar mai wanki da bashi ya raba da gidanta, tsofaffin finafinai suka riƙe kamanninta

A ƙasar Faransa akwai wani ciniki da ba kowa ya san da shi ba, wato cinikin tsofaffin finafinan waƙa da ban dariya waɗanda aka yi a shekarun 1930. Akwai mutanen da ba su da wani buri da ya wuce su mallaki tsohon naɗin fim, ko takardar talla da ake liƙawa a bangon silima, ko faifan garmaho na waƙoƙin da ke cikin fim ɗin. Suna yawo a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen da ke bakin birnin Faris, suna halartar gwanjo a gidan Drouot, suna zuba kuɗɗi a kan kayan da a zamaninsu ake jibgewa a shara da zarar an gama kallo.

Cikin sunayen da waɗannan masu tara kaya suke nema akwai na wata baƙar mace, Jozefin Baker, wadda ta rasu a shekarar 1975. Ta tashi cikin talauci, ta samu dukiya mai yawa, ta kuma ga ranar da masu bin ta bashi suka sa aka fidda ta daga gidanta da ƙarfi. Ban da faifan waƙoƙinta da hotuna, babban abin da ya rage wanda za a gan ta a ciki tana motsi lokacin ƙuruciyarta shi ne manyan finafinai guda huɗu, waɗanda a wancan zamani ake ɗauka abin nishaɗin dare ɗaya ne kawai. Tarihinta muka kawo muku yau, tare da labarin waɗannan finafinai da dalilin da ya sa ake nemansu.

Ƙuruciya cikin wahala

An haife ta ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 1906 a garin Saint Louis da ke jihar Misuri ta ƙasar Amurka, aka raɗa mata suna Freda Josephine McDonald. Uwarta Carrie McDonald wanki take yi ma mutane don ta ci da gida. A wancan lokaci a Amurka an raba baƙar fata da farar fata a makaranta da otal da jirgin ƙasa da gidan kallo, kuma aikin da ya rage ma yawancin matan baƙar fata shi ne wanki da aikatau.

Tana da shekara takwas aka kai ta aikatau gidajen Turawa. Masu rubuta tarihinta sun ce wata uwar ɗakinta ta ƙona mata hannu saboda ta zuba sabulu da yawa cikin ruwan wanki. A watan Yuli na 1917, tana da shekara 11, Turawa suka far ma unguwannin baƙar fata a garin East Saint Louis da ke ƙetaren kogi, suka kashe mutane da dama, suka ƙone gidaje. Wannan abu bai fita daga ranta ba har tsufanta.

Karatunta bai yi nisa ba. An yi mata auren fari tana da shekara 13, auren bai daɗe ba. A 1921 ta auri wani mai suna Baker, shi ma suka rabu, amma ta riƙe sunansa har ƙarshen rayuwarta. Daga rawa a bakin titi ta shiga ƙungiyar ƴan wasa masu yawo gari gari, har ta kai birnin Niyu Yok, inda ta samu wuri cikin wani wasan baƙar fata mai suna Shuffle Along. A ƙarshen layin ƴan rawa aka sa ta, ita kuwa sai ta riƙa yi kamar ta manta takun, tana karkace ido tana ba mutane dariya, har ya zamana ita ake zuwa kallo.

Zuwa Faris

A 1925 wata Ba'amurkiya mai suna Caroline Dudley ta haɗa ƙungiyar makaɗa da ƴan rawa baƙar fata don ta kai su Faransa. Jozefin tana cikinsu, tana da shekara 19. Ranar 2 ga Oktoba 1925 aka buɗe wasan a gidan wasa na Champs-Élysées, da sunan La Revue Nègre. Kafin mako ya zagayo duk birnin Faris ya san sunanta. Wani mai zane, Paul Colin, shi ya zana takardar tallar wasan, kuma wannan takarda tana cikin kayan da masu tarawa suka fi so a yau.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa a fili. Masu gidajen wasan ba su so Turawa su ga ƴar Amurka ba. Abin da suka sayar shi ne siffar da Turawan lokacin suka ƙirƙira a kansu game da ƴar Afirka, wato macen daji maras sutura. Don haka suka fito da ita kusan tsirara, kuma a 1926 a gidan Folies Bergère aka ɗaura mata ɗamarar ayaba ta roba, wadda hotonta ya zagaya duniya. Alhali kuwa yarinyar ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba a lokacin. Shekarun nan ne ƙasarmu take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, kuma a shekarar 1926 ɗin ce aka ɗauke babban birni daga Zinder aka mai da shi Yamai. A 1931, da aka shirya babban baje kolin ƙasashen mallaka a Faris, an so a naɗa ta sarauniyar ƙasashen mallaka, amma aka fasa bayan wasu sun yi ƙorafi cewa ita Ba'amurkiya ce.

Ita dai ta gane cewa sunanta ya zama haja. A ƙarshen 1926 ta buɗe gidan shaƙatawa nata na kanta mai suna Chez Joséphine. Aka fito da man gashi mai suna Bakerfix wanda matan Faransa suka riƙa saye don gashinsu ya kwanta kamar nata. Wani Ba'italiye, Pepito Abatino, ya zama mai kula da harkokinta, ya sa ta koyi Faransanci da waƙa da sa tufafin manyan mata. A 1928 da 1929 ta zagaya Turai da Kudancin Amurka, inda wasu garuruwa suka tarbe ta, wasu kamar Munik na Jamus suka hana ta wasa. A 1930 a gidan Casino de Paris ta fito da waƙar da aka fi saninta da ita, J'ai deux amours, wadda Vincent Scotto ya tsara.

Zamanin finafinan waƙa

Fim ɗinta na farko, La Sirène des tropiques, ya fito a 1927, lokacin da fim bai fara magana ba. Ta fito a matsayin yarinyar wani tsibiri da ta kamu da son wani injiniya Bafaranshe, ta bi shi har Faris, a ƙarshe ya koma ma budurwarsa Baturiya.

Daga 1929 zuwa 1930 fim mai magana ya shigo Faransa, kuma abin da ƴan kallo suka fi so su ji shi ne waƙa. Nan take masu shirya fim suka duƙufa a kan finafinan waƙa da raha. Wanda ya saba kallon fim ɗin Indiya zai gane tsarinsu: labarin soyayya maras nauyi, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa da rawa, sannan labari ya ci gaba. René Clair ya yi Sous les toits de Paris a 1930 da Le Million a 1931. Mawaƙa irin su Georges Milton da Henri Garat da Tino Rossi da Fernandel duk sun shiga. Wani lokaci a kan ɗauki fim ɗaya sau biyu a ɗaki guda, da safe da ƴan wasan Jamus, da marece da ƴan wasan Faransa, don a sayar a kasuwa biyu. An yi irin waɗannan finafinai da yawa cikin gaggawa, a nuna su makonni kaɗan, a wuce zuwa wani.

Cikin wannan kasuwa Jozefin ta yi Zouzou a 1934, wanda Marc Allégret ya shirya, tare da Jean Gabin, wanda a lokacin yake tasowa. A fim ɗin ita da Jean marayu ne da wani tsoho mai wasan sirki ya rena tare. Da suka girma shi ya zama mai gyaran lantarki a gidan wasa, ita kuma ta kama aiki a gidan wanki da guga, wato sana'ar uwarta ta gaske. Tana sonsa, shi kuwa ƙanwa ya ɗauke ta, zuciyarsa tana wajen ƙawarta Claire. Aka kama shi bisa zargin kisan da bai yi ba, ita kuma ta yarda ta hau dandali don ta samu kuɗɗin lauya. Ranar da aka sake shi ta ruga ƙofar kaso, sai ta hango shi ya tafi da Claire. Fim ya ƙare tana zaune cikin wani ƙaton keji irin na tsuntsu tana waƙa, jama'a suna tafi.

A 1935 ta yi Princesse Tam-Tam, wanda Edmond Gréville ya shirya, aka ɗauki wani sashe nasa a Tunisiya. Nan kuma ta fito a matsayin makiyayiya mai suna Alwina, wadda wani marubuci Bafaranshe ya ce zai waye, ya koya mata sa takalmi da cin abinci da cokali, ya kai ta Faris a matsayin gimbiya don ya sa matarsa kishi. Da ta ji kiɗan ganga a wajen wata liyafa sai ta watsar da takalman ta shiga rawa. A ƙarshe an gane cewa zuwa Faris ɗin duk cikin littafin da yake rubutawa ne. Shi ya shirya da matarsa, ita tana can Tunisiya da mijinta da ɗanta, jaki kuma yana cin bangon littafin da aka sa ma suna wayewa.

Duk wanda ya jera finafinan nan uku zai ga abu ɗaya. Ita ce tauraruwa, sunanta ne ke jawo ƴan kallo, a lokacin da a Amurka baƙar mace ba ta samun komai a fim sai matsayin ƴar aiki. Amma a ko wane labari ba a bari ta samu wanda take so ba. Masu fim sun yarda ta cika musu aljihu, ba su yarda a ga Bafaranshe ya aure ta ba ko da a cikin wasa. Fim na huɗu, Fausse alerte, an ɗauke shi a 1940 lokacin da yaƙi ya fara, bai fito ba sai 1945.

Yaƙin duniya na biyu

A 1936 ta koma Niyu Yok don ta yi wasa, jaridu suka kushe ta, wani otal kuma ya ƙi ba ta ɗaki saboda launin fatarta. A shekarar ce Abatino ya rasu. Ta dawo Faransa, ranar 30 ga Nuwamba 1937 ta auri wani ɗan kasuwa mai suna Jean Lion, ta zama ƴar ƙasar Faransa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, wani hafsan leƙen asiri mai suna Jacques Abtey ya nemi ta taimaka. Tun da ana gayyatarta liyafa a ofisoshin jakadanci, sai ta riƙa saurare tana kawo abin da ta ji. Bayan Jamus ta mamaye Faris a 1940 ta ƙi yin wasa a gabansu. A watan Nuwamba na shekarar ta bi ta Espanya ta shiga Fotugal da sunan yawon waƙa, Abtey yana biye da ita a matsayin ma'aikacinta, an rubuta bayanan sojan Jamus da tawadar da ba a gani a jikin takardun waƙoƙinta. Masu binciken kan iyaka sun fi damuwa da su gaisa da ita a kan su buɗe akwatunanta.

A 1941 ta ƙetara Aljeriya da Maroko. Can ciwo mai tsanani ya kama ta, ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a gidan likita a Kazablanka, aka yi mata aiki sau da dama. Da ta miƙe a 1943 ta shiga yawon yi ma sojojin ƙawance wasa a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, tana tara kuɗɗi ma rundunar Janar de Gaulle. An ba ta muƙamin ƙaramar hafsa a sashen mata na sojan sama. A 1946 ta samu lambar yabo ta ƴan gwagwarmaya, a 1961 kuma aka liƙa mata Légion d'honneur da lambar yaƙi.

Bayan yaƙi ta juya kan wariyar launin fata a ƙasar haihuwarta. A 1951 ta ƙi yin wasa a Miyami sai da aka yarda baƙi da farare su zauna wuri ɗaya. Ranar 28 ga Agusta 1963 ta tsaya cikin kakin soja ta yi jawabi a babban gangamin Washinton, ranar da Martin Luther King ya yi jawabinsa da duniya ta sani.

Gidan Milandes da bashi

A yankin Dordogne na kudu maso yammacin Faransa akwai wani tsohon gidan sarauta mai suna Milandes. Ta fara hayarsa a 1937, ta saye shi a 1947, shekarar da ta auri makaɗi Jo Bouillon. Ba ta samu haihuwa ba, sai ta fara ɗaukar yara riƙo daga 1954, har suka kai 12, maza goma mata biyu, daga ƙasashe irin su Japan da Finlan da Kolombiya da Aljeriya da Kodibuwa da Benezuwela da Faransa kanta. Nufinta ta nuna ma duniya cewa yara masu launi daban da addini daban za su iya tashi a gida ɗaya a matsayin ƴan uwa.

Don ta ciyar da gidan ta mai da wurin kasuwar ƴan yawon buɗe ido. Ta gina otal da gidan abinci da wurin wanka da gona da gidan tarihi, ta ɗauki mutanen ƙauyen aiki da dama. Baƙi suna zuwa dubu bisa dubu a shekara, kuɗɗi suna shiga. To amma abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Masu tarihinta sun nuna cewa ba ta raba kuɗɗin sana'a da na gida, ba ta duba takardun da ake kawo mata ta sa hannu, kuma wasu masu yi mata aiki suna ninka mata farashi. Mijinta, wanda shi ke riƙe da lissafi, ya gaji da jan kunne, suka rabu, ya koma Ajantina. Ita kuwa sai ta koma yawon waƙa ƙasa ƙasa don ta biya bashin jiya, tana dawowa ta tarar da sabo. Ƴan kasuwa sun san wannan ciwo: ciniki yana tafiya, rumfa cike da mutane, amma uwar kuɗɗi tana zaizayewa.

A 1964 ƴar fim Brigitte Bardot ta fito a talabijin ta roƙi jama'a su taimaka, aka tara abin da ya tsai da gwanjo na ɗan lokaci. A 1968 aka yi gwanjon gidan a farashin da bai kai ko kusa da darajarsa ba. Ta ƙi fita, ta kulle kanta a madafa. A watan Maris na 1969 aka fidda ta da ƙarfi, masu ɗaukar hoto suka same ta zaune a bakin ƙofar madafar, tana da shekara 62, ta rufe ƙafafunta da bargo. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

Gimbiya Grace ta Monako ce ta samar mata gida a Roquebrune, ita da yaranta. Ta koma dandali. A 1973 ta yi wasa a babban ɗakin Carnegie na Niyu Yok, garin da ya kushe ta a 1936, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Ranar 8 ga Afrilu 1975 ta buɗe wasan cikarta shekara 50 a sana'a a gidan Bobino na Faris. Kwana biyu bayan haka aka same ta a sume a gadonta, jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa. Ta rasu ranar 12 ga Afrilu 1975 tana da shekara 68. An yi mata jana'iza da faretin soja a Faris, aka binne ta a Monako.

Yadda finafinan suka tsira

Ba don wasu masu naci ba, da finafinan zamaninta sun bi gidan Milandes. Har farkon shekarun 1950 ana buga fim ne a kan wata irin leda da ake kira nitrat. Wannan leda tana kama wuta kamar fetur, kuma in ta kama ruwa ba ya kashe ta. In aka ajiye ta wuri mai zafi ko danshi sai ta yi danƙo, daga baya ta zama gari. Saboda haka ajiye tsohon fim hatsari ne kuma asara ce ga mai shi. Da zarar fim ya gama kawo kuɗɗi sai a sayar da naɗinsa a kan kilo, a narka a cire ƴar azurfar da ke jiki, a yi wasu kayan roba da sauran.

Wani saurayi mai suna Henri Langlois ya fara bin masu narkawar yana saye da ɗan abin da yake da shi. A 1936 shi da Georges Franju da wasu abokai suka kafa ma'ajiyar finafinai ta Cinémathèque française. Ƙa'idarsa ita ce a ajiye komai, mai kyau da maras kyau, don ba wanda ya san abin da jikoki za su nema. Lokacin mamayar Jamus ya ɓoye finafinai da dama. A 1969 gwamnatin Faransa ta buɗe tata ma'ajiyar a Bois-d'Arcy, kuma a farkon shekarun 1990 ta shiga aikin kwafe finafinan nitrat zuwa leda maras hatsari. Duk da haka waɗanda aka fara ceto su ne na manyan masu shiryawa. Ƙananan finafinan waƙa da dariya, waɗanda masana suka raina, da yawa sun tsira ne a hannun mutane masu zaman kansu, wasu a ƙaramin naɗi na kallon gida irin wanda kamfanin Pathé ya fito da shi a 1922.

Finafinan Jozefin sun daɗe ba a ganinsu, musamman a Amurka, inda yawancin jama'a ba su taɓa kallonsu ba. Sai a 1989 aka sake fito da Zouzou da Princesse Tam-Tam a gidajen silima na can, daga baya aka buga su a kaset da faifan DVD.

Abin da masu tarawa suke gani a cikinsu

Na farko shi ne ƙaranci. Fim ɗin da ya shahara an buga shi dubbai, ana samunsa ko'ina. Wanda aka nuna mako uku a 1933 aka manta, wataƙila naɗi ɗaya ko biyu ne suka rage a duniya. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ƙaranci yake yi ma farashi.

Na biyu, wasan dandali ba ya barin sawu. In an rufe labule ya wuce ke nan. Mawaƙan da suka cika gidajen wasan Faris kafin yaƙi, ba inda za a ga tafiyarsu da dariyarsu da yadda suke riƙe jama'a sai a cikin waɗannan finafinai, ko da labarin fim ɗin ba shi da wani ƙarfi.

Na uku, fim ɗin da aka yi cikin gaggawa yakan ɗauki rayuwar talakawa ba da niyya ba. A Zouzou ana ganin mata a gidan wanki da dutsen guga da kwandunan kai kaya. A Sous les toits de Paris ana ganin mawaƙin titi yana tara jama'a yana sayar musu da takardar waƙa, sana'ar da ta mutu tun da daɗewa. Haka kuma ana ganin yadda Turawan mulkin mallaka suke kallon baƙar fata, ba tare da sun ɓoye ba, don a lokacin ba su ɗauke shi abin kunya ba. Shi ya sa malaman tarihi su ma suke neman waɗannan finafinai.

Na huɗu shi ne kayan da ke tafiya tare da fim: takardar talla, hotunan da ake liƙawa a ƙofar silima, faifan garmaho, da takardar waƙa. Babbar takardar talla ta Faransa tana da faɗin santimita 120 da tsawon 160, an buga ta a takarda maras ƙarfi don a liƙa a yage, shi ya sa wadda ta kai yau lafiya take da tsada. Mai saye yana duba ko bugun farko ce ko maimaici, ko launi ya koɗe, ko an yi mata gyara, ko sunan mai zanen yana jiki, kamar dai yadda mai sayen tsohuwar atamfa yake duba baki da zane. Jabu ma suna yawo, don haka wanda bai san kaya ba yakan sha.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 Faransa ta shigar da sunan Jozefin Baker gidan Panthéon, inda ake karrama manyan ƙasar. Ita ce mace ta shida, kuma baƙar mace ta farko. Gawarta tana nan Monako bisa buƙatar iyalinta, abin da aka sa cikin akwatin shi ne ƙasar da aka ɗebo daga Saint Louis da Faris da Milandes da Monako. Gidan Milandes kuwa yana hannun wasu, an mai da shi gidan tarihinta, ana biya a shiga. Wanda yake son ya ga ita kanta tana da shekara 28, da kwandon wanki a hannu, sai ya nemi Zouzou, fim ɗin da aka yi don nishaɗin dare ɗaya. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.